Dattijo, Zakaran Andarawus

Zakaru biyu ne a gidan Andarawus, can bayan tashar mota ta Kontagora, kuma duk mai cewa kaji halinsu ɗaya to bai taɓa leƙa gidan nan ba. Uwarsu ɗaya, rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su a gindin rumbu, dawa ɗaya suke ci, amma Allah ya raba musu hali. Ɗaya ja ne mai faɗin ƙirji, ba ya gudu, ba ya ƙwace, in ya tono abu sai ya kira kaji mata su ci, shi ya koma gefe yana kallo. Andarawus ya sa masa suna Dattijo. Ɗayan kuwa baƙi ne siriri, ido guda ya tsiyaye a wajen faɗa, zankonsa duk a yage. Ba ya ganin dunduniyar mutum ya ƙyale. Ya sari mai tallan nono, ya sari fasto, ya sari matar gidan ma, Rahila, wadda take zuba masa tsaba safe da yamma. Shi ake ce wa Ɗandoka, kuma 'yan dokan En'e na da, ko da sun ji, da ba su yi musu ba.

Rahila ta sha rantsuwa sai ta sa shi a tukunya. Abin da ya hana ta shi ne kama shi aiki ne, ita kuwa aiki ya riga ya yi mata yawa. Ita ke riƙe da gidan da kaskon ƙosanta a bakin tasha tun da idon mijinta ya mutu.

Andarawus manomi ne daga wajen Auna. Ciwon idon nan na mutanen bakin kogi ya bi shi sannu a hankali, har a shekarun da aka datse ruwa a Kainji ya daina bambance rana da dare. Suka taho Kontagora neman magani, magani bai ci ba, gona kuma babu mai nomawa, 'yarsu guda, Salome, tana gidan aure a Zuru, sai suka zauna. Mutumin da yake ɗaga buhun dawa shi kaɗai ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Damina guda cur ba a gan shi a tsakar gida ba sai in zai kewaya. Tuwo in an kai masa a cike, a cike ake ɗauko shi. Rahila ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, fasto ya zo ya yi addu'a ya tafi. Har ta fara tunanin wanda za ta aika Zuru ya ce wa Salome ta zo ta ga ubanta da rai.

Abin da ya fito da shi, sai ka ji kunyar faɗa, ɗan tsako ne. Yakan shiga ɗakin ya tsattsagi tuwon da aka ƙi ci. Rahila ba ta san yadda aka yi aka saba ba. Ita dai wata rana ta dawo daga tasha ta ji mijinta yana magana shi kaɗai, ta ɗauka kan ne ya taɓu, da ta leƙa sai ta ga tsako zaune a kan gwiwarsa. Da ta yi ƙorafin kashin kaji a ɗaki, sai ya ce to a shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro. Tun daga ranar yake fitowa. Ya kama tufkar igiyar rama, masu wucewa su tsaya su saya su yi hira, tsako ya girma ya zama Dattijo, yana kwance a jikin cinyarsa kamar kyanwa. Andarawus yana ba shi labarin gona, da na ruwa, da na yaƙin basasar da aka ce ya ƙare, shi kuwa yana karkata kai, ka rantse fahimta yake yi.

Rahila takan yi wa mijinta tsiya, ta ce in an tashi rabon gado sai an sa da zakaran nan. Amma a ranta ta san abin da ta sani. Zakaran nan ne ya fito da mijinta daga ɗaki, kuma ba ta da tabbacin zai ci gaba da zama a waje in babu shi.

Ran nan da hantsi tana kankare kasko, sai ta ji sallama a ƙofar gida da muryar da ta yi shekaru ba ta ji ba. Yayanta ne, Lukuman, daga Tungan Magajiya. Ciki ɗaya suka fito. Sun tashi a kan addinin kakanni, ita ta bi mishan, shi ya musulunta ya shiga fataucin gyaɗa. Ba wannan ne ya raba su ba, don gida nawa ne a ƙasarsu ake salla a wannan ɗaki ana waƙar coci a wancan? Kwanon abinci ne ya raba su. Ranar zaman makokin uwarsu ta dafa nama ta kai masa, ya tambayi wanda ya yanka, ta ji haushi ta gaya masa magana a gaban mutane, irin wadda ba a gaya wa babba. Tun daga nan ko a kasuwa suka haɗu sai gaisuwar nesa. Ta yi nadama tun bakinta bai rufe ba, amma girman kai ya hana ta zuwa. Yau ga shi da ƙafarsa, gemu ya yi fari, da ƙunshin goro da 'yar shinkafa a ɗaure a ƙyalle, yana kiranta Fure, sunan da uwarsu ta sa mata kafin a yi mata baftisma.

Ta durƙusa gaishe shi, hawaye ya riga ta magana. Ta kawo ruwa, ta shimfiɗa masa buzu kusa da Andarawus, surukai suka shiga gaisuwar da ba ta ƙarewa. Lukuman ya ce ba kwana zai yi ba, motar la'asar zai bi ya koma.

To, a danginsu ba a yanka wa babban baƙo kaza a ɓoye. Sai an kawo ta da ranta an nuna masa, ya ga girmanta, ya sa albarka, sannan a kai ta ga wuƙa. Kawo wa mutum nama a kwano bai ga abin da aka yanka ba, tamkar ce masa aka yi ba don shi aka yi ba. Ita kuma Rahila, kamar sauran Kiristocin unguwar, tun da suka zauna cikin Musulmi ba ta yanka da hannunta. Maƙwabcinsu Malam Jumare, mai sayar da gishiri da kanwa, shi take kai wa, don kowa ya iya cin abincin gidanta.

Ta sunkuya ta raɗa wa mijinta cewa yau ranar Ɗandoka ta zo. Andarawus ya yi dariya, ya ce Allah ya ba ta sa'a, ta dai kula da idonta.

Ta zaga bayan madafa ta watsa tsaba, ta ɗauki kwando ta laɓe. Ɗandoka ya zo ya ci tsabar sarai, yana kallonta da idonsa guda. Tana kifa kwandon ya zille, ya yi tsalle ya dira a kafaɗarta, ya karce mata hannu, ya ture tulun ruwa, ya haye rumbu. Ta ɗauko tsani, ya jira sai da ta kai tsakiya sannan ya buɗe fiffike ya tsallake katanga ya faɗa gidan Malam Jumare, yana ihu kamar shi aka zalunta. Daga gindin mangwaro tana jin Andarawus yana ba baƙo labarin ta'asar Ɗandoka, su biyu suna dariya.

Ta tsaya tana haki, hannu yana jini. Kaji matan, ɗaya tana kwanci, ɗaya tana jan 'yan tsaki, sauran kuwa ƙanana ne da ba za a nuna wa yaya ba bayan shekaru irin waɗannan. Rana tana tafiya. Sai ta ji abu ya goge ta a ƙafa. Dattijo ne, ya taso daga birgima a toka ya zo ganin tsabar da ta rage, ya ɗaga kai yana kallonta.

A nan dabara ta zo mata, irin dabarar gaggawa da take yi wa mutum kyau a lokacin. Za ta nuna wa Yaya Dattijo, ya ga zakara na gani na faɗa. Sannan ta zaga da shi gidan Malam Jumare kamar za a yanka, ta ba matarsa Iyatu ajiya, su biyu su ritsa Ɗandoka a lungun gidan. In an fige an dafa, wa zai bambance ja da baƙi? Motar la'asar na tashi sai ta ɗauko Dattijo ta mayar wa mai shi. Ba wanda za a cuta. Ba ta ko bi shi ba, sunkuyawa kawai ta yi, ya gyara fiffike ya zauna a hannunta.

Ta kawo shi gaban Lukuman ta durƙusa. Ya duba, ya auna nauyinsa da hannu, ya ce kai, wannan ai ya yi yawa, ya sa albarka. Andarawus da bai ji motsi ba ya ɗauka ta matse wa Ɗandoka baki ne, ya ce lalle yau ta yi abin kai, kada ta sassauta masa.  Rahila ta miƙe ta ce bari ta kai wa Malam Jumare. Sai ta ga yayanta ya tashi yana naɗe hannun riga.

"Ina za ki kai shi, Fure? Ba ga ni a gidan ba? Kawo wuƙa. Ni zan yanka da hannuna, ki dafa da hannunki, in ci. Abin da ya kawo ni ke nan."

Duk lissafin da ta yi, wannan ne kaɗai ba ta sa a ciki ba, alhali shi ne ya fi kowanne kusa. Baƙonta Musulmi ne, kuma a kan yanka suka ɓata. Magana ɗaya ta ishe ta, ta ce Yaya ba wannan ba ne. Amma in ta faɗa, to ta ce masa ke nan ta nuna masa abin da ba ta yi niyyar ba shi ba, ta yi masa wayo a gaban surukinsa, ranar da ya haɗiye nasa girman ya shigo gidanta. Ta dubi mijinta, yana murmushi yana murza rama a cinya. Ta dubi yayanta, idonsa ya kawo ruwa. Kunya ta rufe ta. Ta je ta ɗauko wuƙar. Kada wani ya ce an tilasta ta, ƙafarta ce ta kai ta, hannunta ya ɗauko.

A bayan madafa aka yi. Lukuman ya ɗebo ruwa a tafin hannu ya ba zakara, Dattijo ya sha abinsa a natse. Ya kwantar da shi yana duban alƙibla, ya taka fiffike da ƙafafu, ko da yake babu bukata, don bai motsa ba. Da ya sa yatsa a maƙogwaronsa don ya buɗe gashin, sai Dattijo ya miƙa wuya ya lumshe ido. Nan ne inda Andarawus yake sosa masa. Lukuman ya ce tun da yake yanka bai taɓa ganin irin wannan ba, ya yi bisimilla. Rahila ta juya fuskarta ga katanga.

Ta fige shi. Gashin ta kwashe kaf, ta kai juji a bayan gida ta haƙa rami ta binne, ta watsa toka a kai. Ta yi shinkafa, ta yi miya da man gyaɗa da daddawa, kuma abin haushi, miyar ta yi daɗin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba.

Lukuman da kansa ya tsamo ƙundu ya sa a hannun Andarawus, ya ce na maigida ne. Andarawus ya tauna, ya ce ashe ɗan banzan nan yana da taushi haka, da ya sani da tuni an ci shi. Lukuman ya ce wane ɗan banza, zakaran da ya kwanta masa kamar tunkiya?  Amma Andarawus dariya ya yi, ya ce ai haka mugaye suke, in sun ga malami da wuƙa sai su zama mutanen kirki. Suka ci suka suɗe hannu. Lukuman ya sa mata albarka, ya ce in an yi kaka zai dawo da matarsa su kwana. Abin da ta yi shekaru tana roƙon Allah ke nan, ga shi an ba ta, kuma ko loma ɗaya ta kasa kaiwa bakinta. Ta raka shi tasha, mota ta tashi, ta dawo gida tana jan ƙafa.

Tun daga ƙofa ta ji Andarawus yana kaɗa tsaba a tafin hannu, yana kiran nan da yake yi da harshe. Ta ce masa hayaniyar ɗazu ce ta firgita kajin, sun bazu, za su dawo. Wannan ce ƙarya ta farko, kuma tana fita ta jawo 'yar'uwarta, don Rahila ta tuna Ɗandoka yana nan da ransa. Gobe da asuba zai hau rumbu ya yi cara da muryarsa mai tsaga, kuma makaho ba ya ɓata murya.

Ana kiran magariba ta shiga wajen Iyatu. Ga Ɗandoka can ya hau zana ya yi masauki. Kaza in duhu ya fara ba ta da wayo, suka jefa masa zane suka danne. Rahila ta ce ta ba su shi kyauta, a yanka yanzu-yanzu. Iyatu mace ce mai ido, ta dube ta ta ce ba a kyautar zakara da fuska irin wannan, me ya faru? Rahila ta gaya mata. Iyatu ta yi salati, ta ce ta koma ta faɗa wa mijinta gaskiya tun abin yana ɗanye. Rahila ta ce ba za ta iya ba. Aka ɗaure wa Ɗandoka baki da tsumma don kada a ji a gidan Andarawus. Ko a haka sai da ya yagi hannun Malam Jumare kafin wuƙa ta ci shi.

Gari ya waye gidan shiru. Andarawus ya ce yau bai ji Dattijo ba. Rahila ta ce muzuru ne, ta ga sawunsa a gindin katanga. Yadda ƙaryar ta fito sumul daga bakinta, ita kanta sai da ta ji tsoron kanta.

Ta yi zaton zai yi baƙin ciki ya gama, kamar yadda ake yi wa abin da ya mutu. Ba ta san ta ba shi abin da ya fi baƙin ciki wahala ba, wato sa rai. Ya tambaye ta ko ta ga gashi, don muzuru ba ya ɗaukar zakara babba bai bar gashi ba. Ta ce ba ta gani ba. Ya ce to bai mutu ba, ko dai firgita ya yi ya ɓace, ko wani ya ɗauke, tun da zakara ne da ko yaro zai iya ɗauka. Ya ci gaba da fitowa gindin mangwaro, amma igiya ta tsaya. Yana zaune kunnensa a waje, duk zakaran da ya yi cara a unguwar sai ya ɗaga kai, sannan ya ce a'a, wannan na gidan wane ne. Duk wanda ya tsaya sayen igiya sai ya kwatanta masa ja mai faɗin ƙirji, shi da bai taɓa ganin jan ba, a bakin Rahila ya ji.

Ya roƙe ta ta zaga ta duba masa. Ta yafa gyale ta fita, ta zaga bayan tasha, ta zauna a kan wani kututture har ta ga an jima, ta dawo ta ce ba labari. Ya yi mata sannu, ya ba ta haƙuri, ya ce ya san yana wahalar da ita bayan duk aikin da take yi. Da zaginta ya yi da ta fi jin sauƙi. Iyatu kuwa in sun haɗu a rijiya ba ta ce mata komai, kallonta kawai take yi, kallon ma ya isa.

Ranar kasuwa ta je ta zaɓo wani jan zakara, ta yi ta dubawa har ta sami mai kama da Dattijo sak. Sai da ta iso gida ta tuna wanda ta saya wa ba launi yake gani ba. Ta ɗora masa a cinya, zakara ya yi fir ya mare shi da fiffike ya gudu. Andarawus ya kakkaɓe rigarsa ya ce ta gode wa Allah ta sami na kiwo, amma shi ba zakara yake nema ba, Dattijo yake nema. Tuwo ya fara dawowa da saura. Rahila ta rame, tana suya ƙosai yana ƙonewa a gabanta, har masu saye suka fara tambaya ko lafiya.

Wata rana ta kasa zama a tasha, ta kwashe kayanta tun rana ba ta take ba. Ta shigo ta ga tabarma babu kowa. Ta leƙa ɗaki, ba ya ciki. Ta zaga bayan gida. Ga shi can a kan juji, a durƙushe cikin ƙarangiya da fasassun kwalabe, sandarsa ta faɗi gefe, yana lalube da hannu biyu yana ture shara. Wandonsa duk toka, yatsunsa sun fashe. Ya ji takunta ya ce kada ta yi faɗa. Ya ce ya yi tunani, in muzurun ne, nan zai jawo shi ya ci, shi kuwa ko gashi ɗaya ya samu zai gane, ransa ya huta. Tsakaninsa da inda ta binne gashin ba nisa.

 Ta zube a kan jujin nan ta gaya masa duka, tun daga kwandon da ta kifa har zanen da suka jefa wa Ɗandoka, har kututturen da ta zauna a kai a bayan tasha. Ba ta rage wa kanta komai ba.  Andarawus ya zauna a kan dugadugansa yana cire ƙarangiya daga tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, har ta gama.

"Wanda na ci ƙundunsa?"

"Shi ne, Baban Salome."

 Can ya tambaya, a hankali, ko Dattijo ya ba su wahala.

Ta so ta ce zakaran ya yi faɗa, ta ga kamar zai fi masa sauƙi. Amma ƙarya ta ishe ta. "Bai ba mu ba. Shi ya zo wajena da kansa. Da Yaya ya taɓa wuyansa, miƙawa ya yi."

Andarawus ya kaɗa kai. "Ai da tsoron hannu aka haife shi, kamar ɗan'uwansa. Ko tari na yi sai ya fice daga ɗakin. Ni na riƙa shimfiɗa hannuna a ƙasa da tsaba, yau da gobe, ko yatsa ba na motsawa, har ya yarda hannun mutum ba ya cuta. Ni na koya masa. Da na bar shi da halinsa, da ke ma ba ki kama shi ba."

Ta kama ƙafarsa tana kuka, ta ce laifin nata ne ita kaɗai, ya zage ta, ya dake ta in ya ga dama, kada dai ya ɗora wa kansa. Ya ce ba ya fushi da ita. Ya ce Lukuman ya ci abinci a gidansu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ma ya ji daɗinsa. Ya faɗi haka ba da gatse ba, kuma ta san da gaske yake, shi ya sa abin ya fi ƙona ta.

Ta ɗauko masa sandarsa, ta kama hannunsa suka zago tsakar gida. Da suka kai gindin mangwaro ta tsaya ta karkatar da shi wajen tabarma. Bai zauna ba. Ya zare hannunsa daga nata a hankali, ya laluba bango ya bi shi har ƙofar ɗaki. A nan ya tsaya, ya ce ramar da ta rage ta ba Malam Jumare, kada ta lalace a banza, ta kuma naɗo masa tabarmar.

Ta ce rana ba ta yi zafi ba tukuna, ya ɗan zauna ya sha iska, za ta dama masa kunu. Ya ce ya sani.

Ta naɗe tabarmar ta kai, ta shimfiɗa masa a ciki. Ya kwanta. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Jawo ƙofar, Maman Salome."

Ta jawo.